Kaluluwar Inna Saude

Na fara sanin Saude a kakar 1960, lokacin da aka turo ni Rijiyar Gawo, wani ƙauye a ƙasar Roni, in zama akawun awon gyaɗa. Rumfata tana bakin kasuwa, sikeli a rataye, buhuna jibge a bayana. Ranar da na kama aiki wata mata gajeriya, kakkaura, mai ƙamshin soyayyiyar gyaɗa, ta zo ta tsaya a kaina. Sai da ta ƙare wa sikelin kallo sannan ta yi sallama.

"Kai ne sabon akawun?"

Na ce ni ne, sunana Sama'ilu.

"Ban tambayi sunanka ba. Sikelin naka yana salla kuwa? Na wanda ya tafi ko alwala bai iya ba."

Manoman da ke jiran awo suka fashe da dariya. Ni kuwa baƙo, ga ƙuruciya, na sunkuya kan littafin awo. Tun daga ranar ba ta kira ni da wani suna ba sai Akawu, har bayan da aka rufe awon.

Sana'arta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Gyaɗar da kamfani ba ya karɓa, wadda ta farfashe wajen ɓara, ita take saye a hannun manoma. Ta soya, ta murje, ta fece, ta dake ta luƙui, sannan ta riƙa ɗiga ruwan zafi tana juyawa a turmi har mai ya taso. Aiki ne na ƙarfi, da ƙugu ake yinsa. Duk wanda ya bi ta bayan dangarta da hantsi zai ji nishinta yana bin ƙarar taɓarya. Manta ya yi suna har Kazaure. Masu tsire da masu ƙosai tun ana jibi kasuwa suke aiko mata da kwalabe.

'Yar ƙasar Gwiwa ce, aure ya kawo ta. Mijinta Lauwali falke ne mai jakuna, yana kai gero da barkono Babura, wani sa'in ya tsallaka iyaka ya dawo da kanwa da dabino. Sanƙarau ya ɗauke shi a bazarar 1962. Ta sha haihuwa, ƙasa tana karɓewa tun suna goye, autar ce kaɗai ta tsaya, Mairo. Bayan ta fita takaba manema sun zo, har da wani mai garken shanu. Ta ce su yi haƙuri, ta riga ta auri turmi, shi ba ya tafiya fatauci, ba ya mutuwa.

Da na yi aure na kama gida a jikin nata, danga ce kawai ta raba mu, ita kuma ta ɗauki matata Shatu ƙanwa. Abin da zan faɗa na cikin ɗaki daga bakin Shatu na ji shi. Na waje kuwa a idona aka yi.

Saude ba ta tsoron namiji. Wata rana duba-gari ya shigo gidanta da farar hularsa, ya leƙa randa, ya ce ya ga tsutsa, sai an fasa. Ta ce, "In ka gan ta ka gaishe ta, ta girme ka a gidan nan." Ta ɗebo ruwan a moɗa ta sha a gabansa, ta miƙa masa saura. Ya fita bai fasa randar ba. Dagaci ma in ya hango ta ta nufo fada sai ya gyara zama ya ce, "To, yau kuma wa ya taka wutsiyar damisa?"

Mutum ɗaya ne ya kashe mata baki, kuma bai taɓa ɗaga mata murya ba.

A 1969 aka gina mana ɗakin shan magani, aka turo malamin asibiti, wani dogon saurayi ɗan Kazaure mai suna Halliru. Ba shi da yawan magana, hannunsa kuma da sanyi wajen allura. Da farko Saude ta mayar da shi abin tsokana kamar kowa. "Mai allura," take ce masa, "ka soki mutum nawa yau? Ka dai yi a hankali, ɗuwawun garin nan ba na gwamnati ba ne." Mairo ce mai kai masa ƙuli-ƙuli. Ƙuli ya zama hira, hira ta zama magana, manyansa suka zo daga Kazaure da goro. Yarinya tana so, uwa ta fi ta so. An ɗaura aure bayan an gama yaƙin basasa.

Daga ranar da aka karɓi goron nan, Saude ta zama wata mata daban a gaban Halliru. Ba ta sake kiran sunansa ba, ba ta sake ce masa mai allura ba. Ya koma "mijin yarinyar nan". In ta hango shi a hanya sai ta faɗa zauren da ya fi kusa, ko na wane ne. Ba ta ci, ba ta sha a inda zai gani. Na taɓa ganinta a kasuwa ta cika baki da rake, sai ga shi ya ɓullo. Ta tsaya cak, ta juya wa hanya baya, kumatu a kumbure, ruwan rake yana zuba ta haɓa, har ya wuce ya sha kwana. Da na yi mata dariya ta ce, "Akawu, kai ba ka haifi mace ba tukuna. Jira."

Shi ma yana ba surukuta haƙƙinta. Kowace safiya kafin ya buɗe ɗakin magani zai zo, ya tuɓe takalmi tun daga zaure, ya durƙusa a bayan asabarin da ke ƙofar ɗakinta, kai a ƙasa.

"Inna, ina kwana?"

"Lafiya lau."

"Yaya gajiya?"

"Babu gajiya. A gaida gida."

Iyakar hirarsu ke nan shekara da shekaru. Garin duka yana yabon su, ana kafa wa wasu misali da su.

Sai fari ya zo a 1973. Ba a gama farfaɗowa ba kuturtar gyaɗa ta shiga gonaki a 1975, ganye ya ƙanƙance, aka tona ba a sami komai ba. Kamfani ya kwashe sikelinsa, ni aka mayar da ni magatakardan dagaci. Turmin Saude ya kife a gindin danga, kaji suna hawa. A rediyo kuwa kullum maganar mai ake yi, wai ƙasa ta yi arzikin mai, ba a san ma yadda za a yi da shi ba. Takan tsaya ta saurara ta ce, "Wane irin mai ne wannan, Akawu, da ba a miya da shi? In suna da shi da yawa su aiko mini da kwalba ɗaya in gani."

Abin da arzikin ya aiko mana shi ne 'yan kwangilar hanya. Suka zo da katafila da tifa, za su shimfiɗa kwalta daga wajenmu ta haɗe da ta Kazaure. Hanya tana cin tsakuwa, ƙasarmu kuwa Allah ya hore mata duwatsu. Maza suna fasa manya, tsofaffin mata da zawarawa suna zama a gindin dutse da guduma suna farfasawa ƙanana, su cika kwanon sarki, babban kwanon ƙarfen nan na leburori, su ɗora a ka su kai inda tifa take lodi. Saude ta sayi guduma. A lokacin ta haura hamsin.

Halliru bai ji daɗi ba. Shekarar ce aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, har ya sayi babur. Ya aiko Mairo da buhun gero da saƙo cewa Inna ta ajiye gudumar nan, abincinta yana wuyansa. Saude ta sa aka mayar da buhun.

"Ki ce masa na gode, Allah ya yi albarka. 'Ya na ba shi, ban ba shi bakina ba."

Mairo ta yi kuka, ta yi magiya. Uwar ta ce matar da ta ci tuwon suruki da wane ido za ta kalli mutane, kuma in gobe ya ɓata wa 'yarta rai da wane baki za ta yi magana? Aka bar ta.

A ranin 1976 wani ɓallin dutse ya tsaga mata babban yatsan ƙafar dama. Ta ɗaure da tsumma ta ci gaba da aiki, ciwon ya yi ruwa. Ana cikin haka wata yamma ta kira Shatu ta kan danga, ta shigar da ita ɗaki, ta kama hannunta ta ɗora a matsematsinta, wurin da cinya ta haɗu da mara. Akwai ɗan ƙullutu a wurin, kamar goro.

"Kaluluwa ce," in ji Shatu. "Ciwon yatsan nan ne ya haifar miki da ita."

"Na sani. Sa mini muciya a wuta."

Kowa a garinmu ya san wannan. In mutum ya ji ciwo a ƙafa, kaluluwa takan fito masa a matsematsi, a ɗumama kan muciya a riƙa dannawa, in ciwon ya warke ita ma ta baje. Babu wanda bai yi ta ba tun yana yaro. Shatu ta gasa mata, ta sake gasawa washegari.

Mairo ta gaya wa mijinta cewa Inna ta ji ciwo a yatsa har ya yi mata kaluluwa. Ya ce a ina kaluluwar take? Ta sunkuyar da kai ta ce, "A ƙafa." Ba yadda za a yi 'ya ta dubi mijinta ta ambaci matsematsin uwarta. Ya ba ta shuɗin maganin da ake shafa wa gyambo, da bandeji, da ƙwayoyi. Wannan Saude ta karɓa, don ta ce magani na gwamnati ne, ba nasa ba.

Yatsa ya warke sarai. Ƙullutu bai baje ba. In ta kwanta ya ɗan lafa, in ta ɗaga kwanon tsakuwa ya taso ya yi tsini, wani lokaci ya murɗa mata mara har ta dafa ƙasa. Gaisuwar safe ta sami ƙarin layi ɗaya.

"Inna, yaya jiki?"

"Da sauƙi."

A wurinmu mara lafiya ba shi da wata amsa sai wannan. Na ga wanda ake karanta wa kalmar shahada yana cewa da sauƙi. Halliru ya san haka, shi ya sa yakan sake tambayar Mairo a gida ko abin ya baje. Mairo ta je ta tambayi uwar, uwar ta ce da sauƙi, Mairo ta ɗauko da sauƙin nan ta kawo masa yadda aka ba ta.

Duk da haka hankalinsa bai kwanta ba. Akwai wata ungozomar asibiti, Veronica, mutuniyar kudancin Zariya, da takan zo daga Kazaure lokaci-lokaci tana yi wa mata awon ciki. Ya aika cewa in ta zo Inna ta daure ta je, mace ce 'yar'uwarta. Saude ta ce wa Shatu, "Ni da na rufe haihuwa tun Turawa na nan? In shiga layin masu ciki a ce Saude ta yi abin kunya da furfura? Kuma a ɗakin wa ake awon? Ba a ɗakin mijin yarinyar nan ba?" Ranar da Veronica ta zo, tun da sassafe ta ɗauki gudumarta ta yi gindin dutse.

Abin ya faru da bazara, ana zafin nan da ke sa kaza buɗe baki. Da hantsi ta tsuguna za ta ɗaga kwano, ta yunƙura, sai ta saki ƙara ta zube a kan tsakuwa. Abokan aikinta suka riƙo ta zuwa gida tana amai. Ta ce ɗanwaken da ta ci ne bai karɓe ta ba. Aka jiƙa mata kanwa, ta sha ta dawo da ita. Aka dafa sabara, ita ma ta dawo. Shatu ta ga ƙullutun ya ƙara girma ya yi tauri, ta sake ɗora muciya a wuta, don abin da ta sani ke nan.

Halliru yana zuwa safe da rana da yamma, ya durƙusa a bayan asabari, a ce masa da sauƙi. Ya roƙa a bar shi ya shiga, ta ce wa Mairo in ya ɗaga asabarin nan ba ta yafe ba. Ya aiko da maganin amai, bai zauna ba. Aka kwana, aka sake kwana. Ciki ya kumbura kamar ganga, aman ya koma kore, daga baya ya soma wari.

Da safe ina zaure ina shirin fita, sai ga Halliru, ido ya yi ja.

"Malam Sama'ilu, aron hannun matarka na zo."

Ban gane ba sai da ya yi bayani. Tun da ba za a bar shi ya gani ba, Shatu ta taɓa wurin, yana tambaya tana ba shi amsa. Muka shiga tare. Mairo tana bakin murhu da tsohon ciki, Shatu tana ɗaki. Ya durƙusa a inda ya saba, ya faɗi abin da yake so.

Muryar Saude ta fito, ta dushe amma ba ta karye ba. "Shatu, ki ce wa mijin yarinyar nan ya tafi wurin aikinsa, mutane na jira. Ba za a ɗauki labarin jikina a kai wa suruki ba. Kaluluwa ce, ba yau na fara ba."

"Inna, don Allah."

"Shatu, ki ce masa da sauƙi."

Sai Halliru ya miƙe tsaye, abin da bai taɓa yi ba a ƙofar ɗakin nan.

"Inna, in auren Mairo ne ya tsaya tsakanina da ke, ga Malam Sama'ilu shaida, yanzu zan sauwaƙe mata. In na zama bare, sai ki bari a gaya mini."

Ƙwaryar da ke hannun Mairo ta faɗi ta dare.

"Halliru!"

Rabon da sunan nan ya fito daga bakin Saude tun kafin a kawo goro. Shi kansa sai da ya ja da baya.

"Haɗiye maganar nan. Haɗiye ta ina ji."

"Na haɗiye, Inna."

"Yarinya da ciki haihuwa yau ko gobe, ka tsaya mini a tsakar gida kana..." Amai ya katse ta. Da ya lafa ta ce, a hankali, "Shatu, taɓa. Abin da ya tambaye ki ki faɗa masa. Amma ya matsa can gindin dalbejiya."

Ya matsa. Daga can kuwa sai da ɗaga murya. Ya ƙwala, "Yaya Shatu, ki sa hannu inda fata take naɗewa in mutum ya zauna!"

"Ki ce masa ya dawo," in ji Saude, "kafin ya tara mini gari."

Ya dawo bakin asabari, ya juya wa ƙofa baya.

"A tsakiyar naɗin akwai wurin da yake bugawa kamar zuciya. Kin same shi?"

"Na same shi."

"Ƙullutun yana ina da shi? Ta waje, ko ta ciki wajen mara?"

"Ta ciki. Dab da shi, ƙasa da naɗin kaɗan."

"Girmansa?"

"Ya kai ƙwan zabuwa. Tauri kamar dutse. Ko yatsa na ɗora sai ta zabura. Fatar ta yi baƙi, amma mun gasa da muciya."

Ya runtse ido. Tambaya ta ƙarshe sai da ya yi ta in'ina kafin ta fito. "Tun da ta faɗi... ta zagaya? Ko iska... tana fita?"

"Ko ɗaya."

Ba zai iya fuskantar ɗakin da bayanin ba, sai ya tsuguna ya ɗauki tsinke yana zane a ƙasa, yana yi mini magana da muryar da na ciki za su ji.

"Ka ga nan, Malam Sama'ilu. Inda ciki ya ƙare cinya ta fara, akwai wata igiya ta nama mai tauri a gicciye, daga ƙashin ƙugu zuwa ƙashin mara, kamar hanya a kan kwalbati. Ta ƙarƙashinta manyan jijiyoyin jini biyu suke ratsawa su sauka ƙafa. Ɗaya mai kai jini, ita ce take bugawa. Ɗaya mai mayar da shi, tana jikinta ta ciki. A gefen ta biyun akwai 'yar kafa, ƙaramin yatsa da ƙyar zai shiga. A bakin kafar nan kaluluwa take zama, shi ya sa ake ɗaukar wannan a matsayin waccan. Ƙugun mace ya fi na namiji faɗi, kafar ma ta fi buɗewa, balle wadda ta sha haihuwa da ɗaukar nauyi. Hanji ne ya zurara ta nan. Bakin kafar ba ya saki, ya shaƙe shi kamar zarge. Kaluluwa ba ta sa amai, ba ta toshe ciki. Ƙaba ce, 'yar'uwar gwaiwa. Sai an yi aiki, kuma yau."

Shatu ta ce mini a lokacin Saude ta jawo kunnenta ta raɗa mata, "Gwaiwa? Ni? A ina zan rataye ta?" Ta so ta yi dariya, ciwo ya hana.

Ta yarda za ta tafi, da sharaɗi ɗaya: ba za ta shiga mota ɗaya da shi ba. Motar haya sai ranar kasuwa take shigo mana. Na je na roƙi wani direban tifa da ya yi lodi zai nufi wajen Kazaure. Gaban motar ba zai ɗauki mai kwanciya ba, sai aka baje tsakuwar, aka shimfiɗa katifa a kai, aka kwantar da ita, Shatu ta zauna tana kare mata rana da zane. Ni na shiga gaba. Halliru ya biyo mu a baya a kan babur. Hanyar rabi an zuba jar ƙasa, rabi ramuka, wajen kwalbatocin da ba a gama ba sai an sauka an zagaya ta gona. Kowane gargada ina jin nishinta ta cikin ƙarfen motar.

A Kazaure Veronica ce ta tare mu. Ta ɗaga zanen, ta duba, ta dubi Saude. "Mama, ke ce kika gudu ranar da na zo, ko?" Ba ta jira amsa ba. Ta sa mata ƙarin ruwa, ta ce wannan ya fi ƙarfin nan, sai Kano. Ita ta nemo motar da ta kai su. Ni daga nan na juyo.

An yi mata aiki a ranar. Likita ya gaya wa Halliru cewa hanjin da ya maƙale ya riga ya mutu ya yi baƙi, sun yanke shi sun haɗa sauran, amma ruɓar ta tsiyaya a cikin ciki. Halliru bai tambaye shi da an zo da wuri fa ba. Ya san amsar tun a makaranta.

Ta farfaɗo, zazzaɓi ya rufe ta. Kowace safiya likita yakan zo da ayarin samari masu fararen riguna, su kewaye gadon, a yaye zane, a nuna wurin da biro, a yi ta Turanci a kanta. Ba ta ko motsi. Shatu ta kasa haƙuri ta ce, "Yaya, waɗannan duka maza ne fa, sa'o'in 'ya'yanki. Ga su sun gani. Me ya rage da kika hana mutum ɗaya?"

Saude ta buɗe ido. "Waɗannan ba su auri 'yata ba."

Halliru bai shiga ɗakin ba ko sau ɗaya. Yakan tsaya ta waje, jikin taga, ya rage tsawo. Ranar ƙarshe da hantsi Shatu ta ce mata ga shi nan ya zo. Hannunta ba ya ɗaguwa, sai ta yi wa Shatu nuni da ido ta ja mata mayafi ta rufe mata kai.

"Inna, yaya jiki?"

Shatu ta ce sai da ta kai kunne sannan ta ji, ita ta miƙa masa amsar ta taga.

"Ta ce da sauƙi."

Kafin azahar ta cika. A Kano aka binne ta.

Zaman makoki a ƙofar gidanta aka yi, Halliru ne mai karɓar gaisuwa, don ba ta da ɗa namiji. Mutane sun zo daga Roni, daga Gwiwa, har tsofaffin masu tsiren Kazaure da suka daɗe ba su ga manta ba. A cikin gida mata suna gaya wa baƙi cewa kaluluwa ce ta fashe mata a ciki. Ba wadda ta iya cewa ƙaba, wai kada a ɓata wa mamaciya suna.

Ranar sadakar uku, bayan liman ya yi addu'a, wani dattijo daga dangin mijinta ya gyara murya. Ya ce shi abu ɗaya zai faɗa game da Saude. A wannan zamani da mata suka zubar da mayafi, ga wadda surukinta malamin asibiti ne, gida da gida, amma har ta koma ga Allah bai ga ko ƙwaurinta ba. Ya ce irinsu sun ƙare. Jama'a suka yi ta gyaɗa kai, ana haka ne, haka ne.

"Allah ya ba matanmu da 'ya'yanmu irin kunyarta," in ji dattijon, ya ɗaga hannu.

Kowa ya ɗaga. Idanu suka koma kan Halliru, tun da shi aka yi wa yabon rabi. Ina zaune a jikinsa, kafaɗa da kafaɗa. Ya daɗe yana kallon tafukan hannunsa kafin ya ɗaga su.

Na ji abin da ya faɗa. Amin ya ce, kamar kowa.